Kasuwar Guntun Igiya

Ku matsa min gefen tabarmar nan in miƙe ƙafa. Ɗanliti, angona, in ka sake tsokanar Tasalla sai in naɗe bakina in je in kwanta, kowa ya huta. To, ga wata nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani gari na dabbobi akwai Kurege da matarsa Tabawa da 'ya'yansu ƙanana kamar ku. Noman gyaɗa suke yi. Shi ya noma, ita ta soya, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli ta kai kasuwa. Shekarar da nake ba ku labari damina ta yi gardama, abin da suka kwaso daga gona bai taka kara ya karya ba. Tabawa ta ware iri ɗan buhu guda, ta ɗinke bakinsa, ta rataye a saman ɗaki. Ta ce ko hanji zai tsinke ba mai taɓa wannan sai ruwa ya sauka.

Kun dai san Kurege da gyaɗa. A ce yana kwana yana tashi da ita a bisa kansa bai ci ba, ai ya isa a yi masa sannu. Haka suka cinye rani da tafasa da zogale, yara na kallon buhu, buhu na kallonsu. Har autansu ya san in buhun nan ya tafi, bana ba shuka, baɗi ba tuwo.

To, a garin kuma akwai Gizo da matarsa Ƙoƙi. Gizo ba gona, ba sana'a, sai baki. Ana nan sai Raƙumi falke ya tashi tafiya arewa sayo gishiri, tafiyar da ba a sa mata ranar dawowa. Yana da akuya ɗaya, ya rasa wanda zai bar wa kiwo, sai tsautsayi ya haɗa shi da Gizo. Ku yaran yanzu ba ku san kiwo ba. Mai akuya ne zai ba ka ita ka ci da ita, ka shayar da ita. Haihuwar fari tasa, ta biyu taka, a yi ta tafiya haka. Da kiwo na sami tunkiyata ta farko, ban sayi ko kofato ba. Raƙumi ya miƙa akuya tare da wata doguwar igiya ja da ya tufka da gashin jikinsa, wadda duk garin ba mai irinta. Ya yi sallama ya kama hanya.

Gizo ya kai akuya wani kango a bayan gidansa inda ciyawa ta ɗan rage, ya kafa turke ya ɗaure ta. Igiya doguwa, akuya ta yi ta zagayawa tana cin abinta iya inda igiyar ta kai. Shi kuwa gogan bai taɓa ɗaukar lauje ba. Da yunwa ta fara murɗa shi, Ƙoƙi ta ce ya yi haƙuri ya kula da dabbar nan, in ta haihu sun samu. Gizo ya ce shi cikinsa bai san jiran wata da watanni ba.

Ranar kasuwa ya tare Biri ɗan koli a gindin tsamiya, ya ce masa yana da haihuwar akuya ta sayarwa. Biri ya ce ina ɗan akuyar? Gizo ya ce yana tafe, ai akuyar Raƙumi ce, kowa ya san kayan Raƙumi ba na banza ba ne. Biri ya ce to me zai riƙe shaida? Gizo ya ruga gida, ya yanko taki guda daga jar igiyar nan, ya sake ɗaure akuya da sauran. Ya ce duk wanda ke riƙe da wannan guntun, shi ke da haihuwar. Biri ya ba shi ƙwaryar gero.

Gizo bai bar kasuwa ba sai ga Dila dillali. Ya juya guntun igiya a hannu, ya shinshina, ya ce ai shi ya ji akuyar Raƙumi tagwaye take haihuwa. Ya ba Biri ƙwarya biyu. Kafin la'asar Dila ya tsaya a tsakiyar kasuwa yana rantsuwa 'yan uku take zubawa, Kura ta karɓe guntun ta ba shi riga da wando. Gizo na tsaye rungume da ƙwaryarsa guda yana kallo, geron nan ya fita ransa ƙaf.

Ya koma gida yana huci, ya ce, “Ƙoƙi, ashe ni aka cuta. Akuya tana bayan ɗakina, arziki yana gindin tsamiya.”

Washegari ya yanko wani guntun ya ce haihuwa ta gaba ce. Aka yi wawa. Kashegarinta ya yanko biyu, ya sayar har da rabon Raƙumi. Da haihuwar akuya ta ƙare a bakinsa sai ya koma kan ta 'ya'yanta, daga nan ta jikoki, daga nan ta tattaɓa-kunne. Me kika ce, Tasalla? Ko akuyar tana da ciki? Allah ya yi miki albarka, 'yar nan, kin fi duk garin hankali. Ba wanda ya tambaya. Mai saye ba ɗan akuya yake so ba, so yake gobe wani ya saya a hannunsa da tsada. Wancan ma haka, na bayansa ma haka.

Kafin wata ya mutu, gindin tsamiya ya zama gari guda. Masaƙi ya bar zare a rana, magini ya bar laka ta bushe a kwabe, mai tallan ruwa ya kife tulunsa. Kowa da guntun jar igiya a hannu, ana ɗagawa ana taya. Wanda ya saya da safe da ƙwaryar dawa ya sayar da yamma a kan bargo. Wanda ya ba da bargo ya kwana cikin sanyi yana murna, wai gobe zai samu sa. Ba a ƙara ko ƙwayar hatsi ɗaya a garin ba, abin da ke akwai ne dai ke ta sauya hannu, ana ci yana raguwa. Amma in ka ji lissafinsu, kowa ya zama attajiri.

Baiwar Allah akuya kuwa tana can kango. Da aka yi yankan farko, ta daina kaiwa ga ciyawar jikin katanga. Da aka ci gaba, ta daina kaiwa inuwa. Da tafiya ta yi tafiya, sai ya zama ko kwanciya za ta yi sai ta jingina da turke. Ta cinye abin da ke gabanta har saiwa, ta koma lasar ƙasa. In wani ya ce yana so ya gan ta, sai Gizo ya ce a'a, mai ciki ba a yawan kallonta, ido guba ne.

Mu koma kan Kurege. Zuwansa na farko gindin tsamiya, fartanya ya kai gyara ya tarar da maƙera a rufe, aka ce ai maƙeri yana wajen ciniki. Ya je ya ga manya da gemunsu suna rigima a kan guntun igiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya dawo ya ba Tabawa labari, suka yi tare.

Zuwa na biyu bai yi dariya ba. Biri ne ya tare shi cikin sabuwar riga da hula, yana taku ɗai-ɗai. Ya ce masa har yanzu sama yake kallo yana jiran hadari? Su ga shi suna barci dukiya na haihuwa. Ya dubi wandon Kurege mai faci, ya yi murmushi. Kurege ya dawo gida jiki a sanyaye, ya kwanta rigingine, ido a kan buhu. Tabawa na tsinkar zogale, ba ta ko ɗago kai ba.

Ta ce, “Maigida, abu ɗaya nake so ka tambayo min. Duk cikinsu wa ke yanko wa akuyar ciyawa?”

Ya ce mata wannan harka ce ta manya, ba irin ta ƙuli-ƙuli ba. Ta ce ita dai a sana'arta sai ta zuba gyaɗa take ganin mai, ba ta taɓa matse iska ba. Ya juya mata baya. Ku ji fa, Ɗanliti, maza kenan, in magana ta fi ƙarfinku sai ku juya baya.

Zuwa na uku shi ne na tsiya. Da safen nan autansu ya ture kwanon tafasa, ya ce shi tuwo yake so, ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe. Abin ya soki Kurege a zuci. Kada ku ce mugu ne. Tausayin ɗansa ne ya kama shi, ga kunyar wandonsa, ga kuma kwaɗayi, kada mu ɓoye masa. Ya ce a ransa in ya sayi guntu da safe ya sayar da yamma, ai buhu uku zai dawo da su: ɗaya a shuka, biyu a ci. Ya jira Tabawa ta tafi rijiya, ya hau turmi ya sauko da buhun iri, ya saɓa a kafaɗa ya fice ta bayan gida.

Da ya isa gindin tsamiya ya ajiye buhu, aka fashe masa da dariya. Kura ta ce wannan ko zare ɗaya na igiyarta ba zai saya ba. Maƙeri ya ce da makon jiya ya zo da an duba masa. Biri ya ja shi gefe, ya ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, amma tun da makwabci ne zai ba shi shawara: ya tafi gidan Gizo kai tsaye, a tushe abu ya fi sauƙi. Da Kurege ya ɗauki buhunsa ya yi gida, da shi ke nan. Amma dariyar nan ta ƙara tunzura shi.

Ya iske Gizo a zaure ya yi ƙiba, wuya ya yi kauri. Gizo ya ce kash, igiya ta ƙare. Kurege ya roƙa. Gizo ya ce wallahi babu. Kurege ya sake roƙo, har da durƙusawa. Gizo ya saci kallon buhu, ƙamshin gyaɗa ya daki hancinsa, ya haɗiye yawu. Ya ce to, saura guntu ɗaya tak, wanda ya ajiye wa kansa, amma don zumunci zai sadaukar. Ya ɗauki wuƙa ya zagaya kango. Abin da ya rage kuwa shi ne zoben da ke wuyan akuya da ɗan abin da ya riƙe ta a turke. Ya yanke ya fito da shi, ko waiwaye bai yi ba.

Kurege ya miƙa buhu ya karɓi igiya. Bai kai ƙofa ba ya ji Gizo na ƙwala kira: “Ƙoƙi, ɗora kasko! Ki soye min ita tas kafin in dawo.”

Kurege ya tsaya cak. Shi a tunaninsa gyaɗar za ta zauna ne ta jira shi har yamma ya fanso ta. Ya so ya juya, Gizo ya dafa kafaɗarsa ya ce ciniki ya faɗa, su tafi tare, shi ma kasuwa za shi. Ai abin da ban gaya muku ba, Gizo da ya ga guntayen da ya sayar da araha suna ta hawa, sai ya manta shi ya ƙirƙiro ƙaryar. Duk abin da ya tara, ban da wanda ya ci, ya kwashe ya koma yana sayen igiyarsa da tsada. Maƙaryaci in ya daɗe yana yi, kansa yake fara kamawa.

Akuya kuwa ta ji wuyanta sakayau. Ta yunƙura ta faɗi, ta sake yunƙurawa ta faɗi, a na uku ta tsaya. Ta fito daga kango tana tangaɗi, tana tsintar busasshen ganye a hanya, har ganyen ya kai ta gindin tsamiya. Ba wanda ya gane ta. Haƙarƙarinta a waje, ƙashi da rai, gashi duk ya zube. Masaƙi ya ce a kore wannan abar kada ta mutu musu a wajen ciniki, Kura ta ce ko ita ba za ta ɓata haƙorinta a kanta ba.

Akuya ta tsaya tana duban hannuwansu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, “Sannunku da kasuwa. Me ya sa kowa ke riƙe da igiyata?”

Biri ya matso ya tambaye ta ko ita ce akuyar Raƙumi. Ta ce ita ce. Ya ce to ina cikin, ina 'yan ukun?

Ta ce, “Wane ciki? Tun da aka kai ni kangon nan ko bunsuru ban gani ba. Ashe duk ku ne masu 'ya'yana da jikokina? Yawanku ya kai haka, amma ba wanda ya taɓa kawo min ganye ɗaya ko ruwa a sakaina.”

Daga nan ido ya raina fata. Kura ta ɗaga guntunta ta ce wa zai saya a rabin kuɗinsa. Shiru. Maƙeri ya ce shi a ba shi ƙwaryar dusa ma ya yarda. Shiru. Biri ya ce a ba shi ko loma ɗaya. Kowa mai sayarwa ne, ba mai saye. Aka nemi Dila aka rasa. Ashe tun jiya ya sayar da nasa kakaf, ya ɗaure kayan mutane ya bar gari. Aka juyo kan Gizo, ga shi tsaye rungume da tulin guntaye ya fi kowa asara. Ya watsar da su ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, gari ya ɗunguma a bayansa.

Kurege bai bi su ba. Shi ba Gizo ne a gabansa ba, kasko ne. Ya yar da igiya ya zura da gudu. Yana gudu yana ɗaga hanci, yana roƙon Allah kada ya ji ƙamshin suya, don kun san gyaɗar da ta ga wuta ko shekara ta yi a ƙasa ba za ta tsira ba. A mararraba ya yi kiciɓis da Tabawa. Ta dawo daga rijiya ta ga igiyar rataya tana lilo ba buhu, ta fito ko mayafi babu. Ta dube shi, ya sunkuyar da kai, ya ce gidan Gizo, an ce a soya. Ta wuce gaba, ya bi ta.

Suka faɗa gidan ko sallama babu. Ga murhu, ga kasko a kai, ga gyaɗar nan an juye ta tsaf a ciki, ga buhu a yashe gefe. Ga Ƙoƙi tsaye da gatari a kafaɗa. Tabawa ta yi kan murhu ta cusa hannu a toka. Toka sanyi ƙalau.

Ƙoƙi ta ajiye gatari, ranta a ɓace, ta shiga ba su labari. Ta ce tun da mijinta ya fita take yawon neman abin hura wuta. Ta je gidan Jaki mai itace, matarsa ta ce rabonsa da daji tun da aka fara cinikin nan, su ma gari suke jiƙawa su sha. Ta je maƙera neman gawayi, ta tarar gizo-gizo ne kawai bai yi saƙa a ƙofar ba. Ta bi makwabta ko wani zai sam mata kara, ta iske kowa ya ƙone nasa, gidan da aka yi girki jiya ma babu. Shi ne ta ɗauko gatari za ta shiga daji da kanta, sai ga su.

Tabawa ba ta yarda ba sai da ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta fasa da haƙori. Ta duba cikinta, fari sol, ɗanye, ga ɗan hancin tsiron nan lafiya lau. Ta sauke wani dogon numfashi ta ce alhamdu lillahi. Kurege kuwa ya zube a ƙasa daɓas, ya rufe fuska ya fashe da kuka, babba da shi. Daɗi ne da kunya suka haɗu masa.

Ya ɗago yana cewa ai ya riga ya sayar, ba shi da bakin karɓa. Ƙoƙi ta ce, “Cinikin abin da babu ai ba ciniki ba ne. Ku kwashe abinku tun mai gidan nan bai dawo ba, ni ma na gaji da cin abin da ban san gonarsa ba.”

Kurege ya juya wajen matarsa ya fara haɗa kalmomin ban haƙuri, yana in'ina. Ta katse shi.

Ta ce, “Riƙe bakin buhun, Maigida.”

Ya riƙe, ta juye. Ta bi ƙasa ta tsince waɗanda suka zube ɗaya-ɗaya. Da ta gama ta ɗebi tafi biyu ta zuba wa Ƙoƙi a gefen zane, ta ce wannan na shuka ne, in ta ji ƙamshinsa a kasko ba ita ba ita. A hanyar gida suka iske akuya kwance gindin tsamiya ita kaɗai, guntayen igiya a warwatse ana takawa. Tabawa ta ce a taso ta. Kurege ya tallafe ta har gida, aka jiƙa mata dusa, yara suka yi ta kawo mata ganye.

Ba a rufa mako ba hadari ya haɗo daga gabas, aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye, duk garin gidan Kurege ne kaɗai aka fito da iri, sai 'yar gonar Ƙoƙi a bayan ɗaki. Sauran sun ba da nasu a kan igiya, an cinye. Suka fito suka tsaya a bakin gona hannu rabbana, suna kallo. Kurege na gaba yana sara, Tabawa na biye tana jefa ƙwaya tana rufewa da diddige, yara na bayansu suna tsalle cikin laka. Biri ya tuɓe sabuwar rigar nan ya rataye a kan ƙaya, ya zo ya tambaya a hankali ko ana neman ɗan ƙwadago. Kurege bai yi masa dariya ba, don ya san da ƙyar shi ma ya sha. Ya miƙa masa fartanya.

Gyaɗa ta yi kyau a shekarar nan. Akuya ta ci harawa ta murmure, da Raƙumi ya dawo ya ji abin da aka yi, ya bar wa Tabawa kiwonta. Akuyar ta haihu kuwa, ɗa guda ɗaya, ba tagwaye ba, ba 'yan uku ba, amma mai ƙafa huɗu da ake iya kamawa. Gizo kuwa tun gudun nan da ya haye saman ɗaki bai sauko ba. Ku ɗaga kai ku gani, ga shi can a kusurwa yana ta tufka igiya ba akuya a ƙarshenta, ba mai faɗawa tarkonsa sai ƙuda.

To kun ji. Sana'ar gaskiya ita ce wadda in an tashi za a nuna abin da ta ƙara a duniya: buhu ɗaya ya zama goma, akuya ta zama biyu, yunwar wani ta kwanta. Wadda kuwa ribarta sai an samu wanda ya fi ka wauta ya saya a hannunka, wannan caca ce ta sa babbar riga. In kun girma aka zo muku da harkar da ake barci tana haihuwa, ku tambaya wa ke yanko ciyawar. Kuma duk daɗin ciniki, ba a kai iri kasuwa.

Ƙungurus kan kusu. Wanda ya ce na yi ƙarya, ga Gizo can sama, ya hau ya tambaye shi. Tasalla, tashi angon nan nawa, ya yi barci a kan ƙafata har ta mutu.